Yadda ake zaɓen kayan aikin haɗa dandamalin katako a bayan gida

Dandamalin katako, wato daɓen falanki da ake ɗagawa sama da ƙasa a bayan gida ko gefen lambu don a shimfiɗa tabarma ko a jera kujeru, aiki ne da kafinta ɗaya da yaronsa za su gama cikin mako biyu, har da kwanakin jiran kankare, ban da makonnin da katako zai yi yana bushewa. Inda ake yawan yin asara shi ne a shiga kasuwa a kwaso kayan aiki tun ba a san irin katakon da za a yanka ba, ba a kuma san irin wutar da za a samu a wurin ba. Waɗannan biyun su ne ke faɗa maka abin da za ka saya, da abin da za ka yi haya, da wanda za ka bar wa mai shago kayansa.

Domin lissafi ya fito fili, a ɗauki dandamali mai faɗin mita 3 da tsawon mita 3.6, tashinsa daga ƙasa wajen santimita 45. An zaɓi 3.6 ne saboda ƙafa 12 shi ne tsawon da aka fi sayar da katako a kai, ya ɗan haura mita 3.6 kaɗan, don haka za a samu abin datsewa a baki biyu ba tare da an yi haɗi ba. Irin wannan yana zama a kan ginshiƙan kankare 9, layi uku uku. A kansu ake kwantar da manyan katakai layi 3, kowane layi katako 2x6 (kaurin inci 2, faɗin inci 6) biyu a haɗe, su ne ƙashin bayan aikin. A gicciye kuma sai haƙarƙari 10 na 2x4 cikakke, tazarar santimita 40 daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan. Falankin sama mai faɗin santimita 10 da kaurin inci ɗaya zai kai 29, amma ka sayi 32, don ba a rasa mai tsaga ko mai doro a ciki.

Katako da wuta tukuna

In katakon mai tauri ne, irin loko ko maɗaci ko kawo, ka sani tun yanzu cewa kowace ƙusa da kowane sukuru sai an huda masa hanya, kuma zarton hannu kaɗai zai gajiyar da kai kafin azahar. Loko yakan zo da wasu farare-fararen duwatsu a cikin jikinsa da ke dakushe haƙoran zarto, ƙurarsa kuma tana sa wasu ƙaiƙayi da sarƙewar numfashi. Farin katako mai laushi yana da daɗin aiki, amma a waje abincin gara ne, sai dai in ya sha magani sosai, kuma ko da hakan bai kai mai taurin daɗewa ba.

Aiki biyu kada ka ce za ka yi su a gida: tsaga falanki da goge fuskarsa. Falanki mai faɗin inci 12 in aka shimfiɗa shi haka nan a rana, lanƙwashewa yake yi kamar kwami, ya riƙa tara ruwa. A kasuwannin katako irin su Na'ibawa a Kano ko Dei-Dei a Abuja akwai masu injin tsagawa da na gogewa. Ka ba su su tsaga maka shi, su goge, su ɗan kashe kaifin gefuna. Kuɗin da za ka biya bai kai na sayen inji ba, kuma faɗin zai fito daidai wa daida. Da ka kawo gida ka jera shi a inuwa, da 'yan sanduna tsakanin kowane layi don iska ta ratsa, ya yi mako uku zuwa huɗu. Katakon da ya taso daga kudu sau da yawa ɗanye yake isowa.

Sai wuta. Layinmu 230V ne. Kayan gwanjo da aka yi don Amurka 120V suke ci, da ka jona su kai tsaye sun ƙone, don haka ka karanta lambar da ke jikin inji kafin ka yi ciniki. Ƙaramin janareta mai ƙasa da wat 1,000 ba zai tayar da zarton lantarki mai wat 1,400 ba, domin a lokacin tashi injin yana jan fiye da abin da aka rubuta a jikinsa. Ka nemi mai 2.5 kVA ko sama. Doguwar wayar jona wuta kuma ta zama mai kaurin milimita 2.5, a warware ta gaba ɗaya daga naɗinta. Siririyar waya tana ɗaukar zafi, wuta ta ragu a hanya, injin ya yi ta nishi har ya ƙone.

Kayan awo: nan ba a rowa

Su ne mafi araha a duk kayan, kuma su ne ke yanke hukuncin ko dandamali zai fito sak. Kana buƙatar tef mai mita 5 ko 8, da sukwaya ta fitar da kusurwa, da lebur (ma'aunin daidaito mai kumfa a ciki) mai tsawon mita ɗaya ko fiye, da igiyar magina, da farin tiyo mai nuna ciki kamar mita 10, da fensirin kafinta, da 'yan turaku.

Ka gwada kowanne tun a shago. Lebur: ɗora shi a kan teburi, duba inda kumfar ta tsaya, sannan ka juya shi, kan ya koma gindi a daidai wurin. In kumfar ta sauya mazauni, lebur ɗin maƙaryaci ne, mayar da shi. Sukwaya: kafa ta a gefen falanki miƙaƙƙe ka ja layi, kifa ta ɗaya ɓarin ka sake ja a kan na farko. In layukan sun rabu kamar bakin almakashi, ta karkace. Shi kuwa ɗan ƙarfen da ke bakin tef, motsin da yake yi da gangan aka yi shi, yana rama kaurinsa ne tsakanin awon ciki da na waje, kada ka buga masa guduma wai ka gyara. Abu ɗaya dai: tef guda za a yi aikin da shi daga farko har ƙarshe. Tef biyu na kamfani daban-daban sukan saɓa da milimita biyu ko uku, kuma a kan falanki 29 wannan ya isa ya nuna.

Sukwayar hannu ta yi ƙanƙanta wajen fitar da kusurwar fili. Igiya da tef ake amfani da su: daga kusurwa ka auna santimita 90 a igiya ɗaya, 120 a ɗayar, in tsakanin alamun biyu ya ba da 150 cif, kusurwar ta tsaya. Bayan ka kafa duka huɗun sai ka auna daga kusurwa zuwa kishiyarta, sau biyu a gicciye. A wannan girman kowanne zai ba da mita 4.69. In sun bambanta da fiye da rabin santimita, ka gyara turaku tun ba a haƙa rami ba.

Tiyon ruwa shi ne ke daidaita kan ginshiƙai tara, aikin da lebur ba zai iya ba saboda nisa. Cika shi da ruwa, ka fitar da duk kumfar iska, domin kumfa ɗaya ta isa ta ɓata awon. Mutum ɗaya ya riƙe baki ɗaya a jikin turken da aka yi wa alama, ɗayan ya zaga. Kada rabin tiyon ya kwanta a rana rabi a inuwa. Daga wannan layin ruwan ne za ka rage gangaren santimita 1 a kowace mita, ta ɓangaren da ya ba gida baya, don ruwan sama ya san inda zai nufa.

Haƙa da kankare

Nan kayan gargajiya sun wadatar: dagi, diga, shebur, baro, kwanon sarki, cokalin magina. Dagi ya fi diga fitar da rami mai tsayayyen gefe. Kowane rami santimita 30 da 30, zurfin 45, ginshiƙin kuma ya taso santimita 15 sama da ƙasa a cikin ɗan akwatin falanki. In ƙasar wurin laka ce mai tsagewa da rani, ko cikon shara, ka ƙara zurfi har ka taras da ƙasa mai tauri. Kwaɓin shi ne siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4: buhu ɗaya kwanon sarki biyu ne, don haka yana cin yashi kwano 4 da tsakuwa 8. Ginshiƙai taran za su ci buhu uku da ɗoriya, ka tanadi huɗu. Tun kankaren yana ɗanye ka dasa ƙarfe mai kusurwa a kowanne, mai walda zai yanka maka ya huda ramin milimita 13. A yi ta yayyafa ruwa har kwana bakwai kafin a ɗora nauyi.

Shawara ɗaya da za ta rage maka sayen babban injin huda bango: kada ka rataya dandamalin a jikin gida. Bulo mai rami a ciki ba ya riƙe ƙusar bango yadda ya kamata, kuma mahaɗar katako da bango ita ce hanyar da gara da danshi suka fi so. Bar shi ya tsaya da ƙafafunsa, da ratar santimita 2 ko 3 tsakaninsa da ginin.

Zarto

Zarton hannu mai tsawon inci 22, mai haƙora 7 ko 8 a kowane inci, dole ne ya kasance a wurin ko da akwai na lantarki, don shi ke shiga lungu, shi ne kuma abokin aiki in an ɗauke wuta. Mai baƙaƙen haƙora yana daɗewa da kaifi amma ba ya wasuwa, in ya dakushe ya gama. Wanda haƙoransa launinsu ɗaya da jikinsa shi ake wasawa da magagari.

Na lantarki kuwa, mai faifan milimita 185, wato inci bakwai da kwata, shi ne daidai wannan aiki. Yana nutsewa wajen milimita 65, don haka yana raba katako mai kaurin inci biyu a tafiya ɗaya. Wanda ya fi shi girma nauyi ne kawai a hannu. Faifan ya zama mai ɗigon ƙarfe mai tauri a kan kowane haƙori. Mai haƙora 24 na manyan katakai ne, yana da sauri amma yankansa da kaushi. Mai haƙora 40 shi za ka saka in ka zo datse bakin falankin sama, inda ido zai gani. Ka duba cewa ramin tsakiyar faifan ya yi daidai da sandar injin, domin ba duka ne girmansu ɗaya ba. Kafin ka biya kuɗi, ɗaga murfin kariyar ka sake shi: ya kamata ya koma da kansa nan take. Ka kuma ɗora sukwaya tsakanin faifan da tafin injin, ba tare da an jona wuta ba, ka tabbata sun yi kusurwa.

Haɗarin wannan inji shi ne harbi, wato ya yi tsalle ya dawo kan mai riƙe da shi. Dalilinsa kusan kullum ɗaya ne: katako ya matse faifan. Hakan na faruwa in an tokare katakon a baki biyu aka yanka a tsakiya, sai ya lotsa ya cije. Ka ɗora katakon a kan benci, ka matse shi da kilam, wato ƙarfen matse katako, guntun da za a cire ya zama a sake yake ta yadda zai faɗi da kansa. Ka saita zurfin faifan ya leƙo ƙasan katakon da kamar rabin santimita kawai. Ka tsaya a gefen layin yanka, kada jikinka ya zama a bayan faifan. Babbar riga da hannun riga mai lilo ba su da wuri a nan.

Akwai ɗabi'ar da ta yaɗu wadda ya kamata a bari: ɗaura faifan yankan katako a jikin giranda, wato injin yanka da goge ƙarfe. Ƙaramar giranda tana juyawa wajen sau 11,000 a minti, ninki biyu na zarton katako, ba ta da tafin da zai zauna a kan katako, murfinta kuma ba ya rufe haƙora. Da faifan ya ci karo da ƙulli sai ta fizge daga hannu, abin da ke kusa kuma shi ne yatsu da cinya da fuska. Giranda ta ƙarfe ce. In ba a samu zarton lantarki ba, na hannu ya fi ta sau dubu.

Wata dabara da ke rage yawan yanka: kada ka datse falanki ɗaya bayan ɗaya. Shimfiɗa su duka da ɗan rarar su a waje, in an gama ɗaurewa ka buga layi da igiya mai alli, ka matse miƙaƙƙen katako ya zama jagora, ka bi da zarto sau ɗaya. Bakin zai fito kamar an ja da rula.

Huda da ɗauri

In kuɗinka na inji ɗaya ne tak, injin huda za ka saya, zarto ka yi haya. Lissafin ne ya nuna haka: falanki 29 a kan haƙarƙari 10, sukuru biyu a kowace mahaɗa, ya kama 580. Kowanne huda ɗaya da ɗauri ɗaya, hannu zai tashi fiye da sau dubu. Yankan kuwa duka bai fi na yini ɗaya ba.

Mai waya, mai wat 600 zuwa 750, wanda bakinsa ke riƙe tsinke har milimita 13, yana da araha kuma ba ya gajiya, amma sai janareta na kunne duk yini. Mai batir 18V ya fi dacewa da inda wuta ba ta da tabbas, da sharaɗin batir biyu ne, kowanne 4Ah in da hali. Wanda aka rubuta wa 20V da mai 18V ƙarfinsu ɗaya ne, salon rubutu ne kawai, kada a ƙara maka kuɗi a kan haka. Batir ba ya son zafi: kada a bar shi a kan falanki da tsakar rana a watan Afrilu, kada kuma a sa shi caji yana da zafi daga aiki. Ka tabbata injin yana da juyin baya, da maɓallin da ke ƙara gudu gwargwadon matsawa, da zoben lambobi a wuyansa mai sakin sukuru in ya kai. Wanda ya samu inji biyu ya huta, ɗaya na huda ɗaya na ɗauri. Akwai kuma injin ɗauri mai bugu, wanda ke tura dogon sukuru cikin katako mai tauri ba tare da ya murɗe wuyan hannu ba, haya ta kwana biyu ta isa.

Sukurun kansa ya fi injin muhimmanci. Baƙin sukurun nan siriri da ya cika kasuwa na silin ne da aikin cikin ɗaki. A waje damina ɗaya ke cinye shi, kuma ƙarfensa mai gautsi ne, in katako ya motsa sai kan ya ɓalle ya bar jikin a ciki. Nemi mai rufin tutiya, wanda ake kira galbanayiz, ko na ƙarfe mara tsatsa, mai kaurin milimita 4.5 zuwa 5 da tsawon 60 zuwa 65, wato ninki biyu da rabi na kaurin falankin. Sayi 650. Ƙarfe mai tsatsa yana kuma barin baƙin tabo mai zirara a jikin katako, wanda ba ya gogewa. Duba kan sukurun kafin ka sayi bakin ɗaurewa: mai gicciye da ƙananan layuka huɗu a tsakani PZ2 yake so, mai gicciye zalla PH2, mai tauraro kuma yawanci T20 ko T25. In ka saɓa, bakin zai yi ta zamewa har ya cinye kan. Ka sayi biyar ko shida, suna cinyewa.

Tsinken huda na milimita 3.5 shi ne na share wa sukuru hanya, kuma karyewa yake yi, don haka ka riƙe kamar guda biyar. A haɗa da ɗan tsinken da ke buɗa bakin rami don kan sukuru ya nutse ya yi daidai da fuskar falanki. Kada ya nutse da yawa, ramin zai zama ɗan tafkin ruwa. Kowane sukuru ya ba gefen falanki ratar santimita 2, in ba haka ba ya tsaga shi. Manyan katakai kuma ƙusar noti ta milimita 12 ke riƙe su da ƙarfen ginshiƙi, da wosha a kowane ɓari. Tana buƙatar dogon tsinke na milimita 13 da sifana biyu, yawanci lamba 19, ɗaya ta riƙe ɗaya ta murɗa. Tsakanin kankare da katako a sa guntun leda mai kauri ko roba don danshi kada ya hau. Haƙarƙari ana kafe su da ƙusa inci huɗu a karkace, biyu a kowace mahaɗa, guda 60 ke nan, da guduma mai ƙahon cire ƙusa mai nauyin rabin kilo.

Ratar da ke tsakanin falanki ba a yin ta da ido. Yanka 'yan guntayen filawud ko ka yi amfani da ƙusoshi masu kauri ɗaya. Girman ratar kuma ya danganta da lokacin aiki. In da hunturu ne ko bazara, katako a bushe yake ƙarau, da damina zai kumbura, don haka ka bar milimita 6. In da damina kake shimfiɗawa, ya riga ya sha danshi, 3 ta isa, rani zai buɗa ta. Wanda ya manne busasshen falanki ba rata, a watan Agusta zai ga sun tunkuɗi juna sun yi tozo. Falankin da ya ɗan karkace kuma kilam biyu masu tsawo ke jawo shi kan layi, ba a ɗaure shi a yadda ya zo. Bayan kowane falanki biyar ka auna abin da ya rage a baki biyu, don ka kama karkata tun tana ƙarama.

Magani, kariya da ciniki

Buroshi mai faɗin inci 3 ko 4, da bokiti, da samfefa mai lamba 80 da 120 sun isa. Maganin gara irin Solignum ana shafa shi kafin a haɗa, ta kowace fuska, musamman bakin da aka yanka, domin ta nan katako ke shan ruwa. Duk sabon yanka a sake shafawa. Baƙin man mota da wasu ke amfani da shi kada ya taɓa falankin da za a zauna a kai, yana ɓata tufafi da tabarma, yara kuma suna rarrafe a wurin. A saman falanki, man katako mai shiga jiki ya fi fanishi, wanda rana ke fasawa ya riƙa ɓarewa. Gilashin kare ido, da takunkumin ƙura, da abin toshe kunne, da takalmi rufaffe, a saye su rana ɗaya da zarto. Safar hannu ta ɗaukar katako ce da shafa magani, a cire ta in za a kama inji mai juyawa.

Wajen saye, ko a Kofar Ruwa ne a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko kasuwar Katako a Yamai, sunan kamfani a jikin inji ba ya isa shaida, don manyan sunaye irin Bosch da Makita su aka fi yi wa jabu. Ɗaga shi ka ji nauyinsa, duba ko rubutun jikinsa ya fito tsaf, ka sa a kunna maka shi minti ɗaya cur. Tartsatsi mai yawa ta ramukan iska, ko warin ƙuna, ko tsinke mai rawa in yana juyawa, duk alamun a ajiye ne. Ka tambayi mai shago ko yana da gawayin injin, wato 'yan ƙananan kabon da ke cinyewa a ciki, da batir na canji. In na haya ne, a gwada shi a gaban mai shi, ka kuma sayi sabon faifai naka, domin na jikin kayan haya kusan kullum a dakushe yake.

Sifana biyun nan da bakin sukuru kada su yi nisa bayan an gama. Hunturun farko zai tsotse katakon, notuna su yi sako-sako, wasu kawunan sukuru su ɗan taso. A watan Fabrairu ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka ƙara matsewa, ka leƙa ƙarƙashi da tocila ka duba jikin kowane ginshiƙi. In ka ga siririn layin ƙasa yana hawa kankare zuwa katako, hanyar gara ce: goge ta, ka zuba magani a gindin ginshiƙin, ka sake shafa wa katakon da ke kansa.